Masallatan Ƙasa na Gwanja da Dagwamba

A Kukuo, unguwar da ke gabashin Tamale kusa da babban asibitin koyarwa, har yau mata na ginin tukwane da randuna da hannu. Su ɗebo yumɓu, su jiƙa, su kwaɓa, su ɗora shi zagaye bisa zagaye har tukunya ta tashi, sannan su shanya ta kafin a kai ta wuta. Sanin ƙasa bai bar unguwar ba ke nan. Amma masallatan da mazajensu da 'ya'yansu ke salla a ciki na bulo da siminti ne, da rufin kwano da lasifika a sama, kamar sauran masallatan Sabonjida da Lamashegu da Aboabo da Sakasaka. Garin da kusan kowane lungu ake kiran salla ba shi da tsohon masallacin ƙasa mai hasumiya irin wanda ake bugawa a hotunan Ghana. Dalilin yana cikin tarihin garin. Tamale tarin ƙauyukan Dagwamba ce har zuwa 1907, lokacin da Turawan Ingila suka dawo da hedikwatar mulkinsu ta arewa nan daga Gambaga. Girmanta ya zo a zamani ɗaya da mota da kwano da siminti. Tsofaffin masallatan suna yamma, a Larabanga da Bole da Maluwe da Banda Nkwanta da Nakore, kuma wanda zai fahimci siffarsu sai ya koma baya sosai, har Madina.

Masallacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gina da sahabbansa a shekarar 622 na tubalin laka ne. Ginshiƙansa kututturan dabino ne, rufinsa ganyen dabino, kuma rufin bai game filin duka ba. Idan an yi ruwa yakan zuba, har an ruwaito cewa an ga alamar ruwa da taɓo a goshinsa mai albarka bayan sujada. Babu ƙubba, babu hasumiya. Bilal yakan hau rufin wani gida mai tsawo a maƙwabta ya kira salla. Huɗuba ma a jingine da kututturen dabino ake yin ta kafin a sassaƙa mumbari na katako mai 'yan matakala. Sayyidina Umar ya faɗaɗa masallacin a 638 amma bai sauya kayan gininsa ba. Sai zamanin Sayyidina Usman, wajen 649, aka shigo da sassaƙaƙƙen dutse da katako mai tsada.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Amru ɗan Asi ya kafa masallacinsa a Fustat ta Masar a 641 zuwa 642, Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a 670. Da mulki ya zauna a hannun Banu Umayya, suka tarar da kansu cikin ƙasar Sham mai cike da manyan majami'u masu ado, sai suka ga bai dace addinin masu mulki ya kasance a rumfar dabino ba. Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala Ƙubbatus Sahra a Ƙudus a 691 zuwa 692, kuma a nan ne aka ga hanyar da adon Musulunci zai bi: rubutun ayoyi mai tsawon kimanin mita 240 ya zagaye cikin ginin, tare da zanen rassa da ganye, ba siffar mutum ko ta dabba. Bayan 'yan shekaru, a 696 zuwa 697, ya cire hotuna daga dinari ya bar rubutu zalla. Ɗansa Walid ya gina babban masallacin Dimashƙu tsakanin 706 da 715, ya kuma sa gwamnansa Umar ɗan Abdul'aziz ya sake gina masallacin Madina. A wannan aikin ne aka fara yin mihirabi mai lanƙwasa a jikin bangon alƙibla. Daga nan masallaci ya samu gaɓoɓin da muka san shi da su: bangon alƙibla, mihirabi, mumbari, sahu-sahun ginshiƙai, fili, da wuri mai tsawo na kiran salla.

Gaɓoɓin ne suka tsallako Sahara, dutsen da marmara kuwa suka tsaya a can. Malami ko falke ba ya ɗauko ginshiƙi a kan raƙumi. Abin da yake ɗaukowa shi ne sanin inda alƙibla take, da yadda ake daidaita sahu, da inda liman ke tsayawa. Sauran aikin sai ya bar wa maginin garin da ya sauka. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya ce a unguwar Musulmi ta babban birnin tsohuwar daular Ghana akwai masallatai goma sha biyu, da limamai da ladanai masu albashi. Wannan Ghana ta dā tana can tsakanin Muritaniya da Mali na yau, sunanta kawai ƙasar Nkrumah ta ara a 1957.

Ana yawan cewa Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙin Garnaɗa da Mansa Musa ya dawo da shi daga hajjin 1324, shi ya koya wa mutanen Afirka ta Yamma ginin ƙasa. Ban yarda da wannan ba, kuma hujja ba ta tare da masu faɗar haka. Abin da Ibn Khaldun ya ba da labari shi ne ya gina wa sarkin wani zaure mai ƙubba da ya ƙawata da ado. Ana kuma danganta masa masallacin Jingarebar na Tumbutu, na wajen 1327. Amma haƙar da aka yi a kufan Jenne-Jeno ta nuna mutanen wurin sun zagaye garinsu da ganuwar tubali ɗaruruwan shekaru kafin a haifi al-Sahili. Baƙo ɗaya ba ya koya wa al'umma ƙasar da take takawa. Maginan bakin Kwara ne suka karɓi tsarin masallaci suka zuba shi a cikin abin da hannunsu ya saba.

Hanyoyi biyu suka kawo Musulunci ƙasar da ke tsakanin rassan kogin Volta, kuma kowace ta bar irin tata alama. Ta yamma ita ce ta Wangarawa, 'yan kasuwar Mali da ke saukowa daga Jenne neman zinariya. Suna bi ta Bobo da Kong da Buna har kasuwar Begho a bakin kurmi, wadda ta bunƙasa tun ƙarni na 15. Malamansu na kan koyarwar Alhaji Salim Suwari: Musulmi ya zauna lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, ya riƙe karatunsa da sallarsa, ya bar shiriya a hannun Allah. A tsakiyar ƙarni na 16 mahaya dawakai daga Mali suka kafa sarautar Gwanja, kuma tun farko malamai na gefensu suna yi musu addu'a da rubutu. Littafin tarihin Gwanja da malaman ƙasar suka rubuta da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18 ya adana sunayen sarakuna da limamai tare. A kan wannan hanya ce masallatan ƙasa masu tsini suka jeru, daga arewacin Kodebuwa zuwa Wa da Bole.

Larabanga ta fi su suna. Ƙauye ne kimanin kilomita 15 daga Damongo, daf da mashigar gandun dajin Mole, kuma mazaunansa Kamara ne, zuriyar malamai. Labarin da suka gada ya ce wani falke mai suna Ayuba ya kwana a wurin a 1421, aka umarce shi cikin mafarki ya gina masallaci, da ya farka ya tarar an riga an aza harsashi. Wani labarin kuma ya haɗa garin da Yidan Braimah, malamin da ya taimaki sarkin Gwanja Ndewura Jakpa da addu'a a yaƙe-yaƙensa, aka ba shi wuri ya zauna. Ana cewa kabarinsa na ƙarƙashin kukar da ke jikin masallacin, kuma akwai tsohon Alƙur'ani a hannun liman da ake dangantawa da shi da shekarar 1650, wanda ba a fito da shi sai a lokuta na musamman. Masu binciken tarihi sun fi karkata ga ƙarni na 17, zamanin Jakpa. A wurin ginin ƙasa dai shekarar farawa ba ta ɗaukar nauyin da take ɗauka a ginin dutse, domin babu wani taƙi na fatar bangon da ba a sabunta ba sau da yawa. Abin da ya tsufa shi ne wurin, da tsarin, da alkawarin da mutanen garin suka riƙe na gyara shi.

Masallacin ƙarami ne ƙwarai, kimanin mita 8 a kowane gefe. Wanda ya saba ganinsa a hoto yakan yi mamaki idan ya tsaya a gabansa. Hasumiya biyu ne da shi masu siffar dala: ɗaya a gabas, wadda cikinta shi ne mihirabi, ɗaya a kusurwar arewa maso gabas, ta ladan. Bangon yana da madogarai goma sha biyu masu kauri a gindi, suna sirancewa har su zarce rufi su zama tsini. Tsakaninsu an gitta itatuwa a kwance, wasu kuma sun leƙo daga jikin hasumiya. Ƙofofin gajeru ne, sai mutum ya sunkuya, kuma kowace da masu ita: ta maza, ta mata, ta sarkin gari, ta ladan. A saman ƙofa akwai 'yan tagogi da zane masu kusurwa uku. An shafe shi duka da fari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don kyau kaɗai. Ƙasar Gwanja ta fi Tumbutu da Agadas ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma magininta ba ya aiki da busasshen tubali irin na Kano. Yana ɗora ɗanyar laka ne hawa-hawa, ya bari ta sha iska kafin ya ƙara. Irin wannan bango ba ya iya yin tsawo shi kaɗai, shi ya sa ake tokare shi da madogarai. Tsinin da ke kansu yana sa ruwa ya gangare maimakon ya kwanta. Itatuwan da aka gitta suna ɗaure madogaran da juna, suna rage tsagewa idan laka ta sha ruwa ta kumbura sannan ta bushe, kuma su ne matakalar mai yaɓe idan damina ta wuce. Rufin soro ne shimfiɗaɗɗe a kan gungumen itace, kuma tun da itacen dajin nan gajere ne, dole a cika ciki da ginshiƙai masu kauri kusa da juna. Saboda haka cikin masallacin duhu ne da sanyi, sahu biyu ba sa ganin juna sosai, muryar liman ce ke haɗa su. Idan aka ajiye zancen girma gefe, wannan ɗakin ya fi kusa da masallacin Madina na farko fiye da duk wani mai ƙubba da aka gina a Ghana a zamaninmu: ƙasa, itacen da ke kusa, da ladan a kan rufi.

A nan ya kamata Bahaushe ya lura da bambanci. Maginanmu sun warware matsalar gajeren itace ta wata hanya dabam. Sun ɗaure azara cikin laka, suka fitar da bakan gizo da daurin guga, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830, da ɗaki mai faɗi da tsawo wanda ido ke yawo a cikinsa. Gwanintar Bahaushe tana ciki, ta Bawangare tana waje. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da ta Agadas, mai tsawon mita 27 wadda aka sake ginawa a 1844, su ne 'yan uwan Larabanga na kusa a wajenmu, musamman ta Agadas da itatuwanta masu leƙowa.

Hanya ta biyu, ta gabas, ita ce tamu. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Abdullahi Burja da Yakubu a ƙarni na 15. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa Borgu ko Gurma, su biyo ta Sansanne Mango da Yandi har Salaga, su komo da goro. Salaga kasuwar goro ce, kuma kasuwar bayi ce, wannan ma yana cikin tarihinmu da ita. A Dagwamba, makaɗan tarihi suna danganta shigar Musulunci fada da Naa Zangina, wajen 1700, wanda suka ce ya yi karatu a Sabali a bakin kogin Oti. Daga zamaninsa malamai, Wangarawa da Hausawa, suka samu muƙamai a fadar Yandi, bikin Damba na watan Mauludi ya zama na sarauta.

Amma wannan hanya ba ta bar manyan gine-gine ba. Gidan Badagwambe ɗakuna ne zagayayyu masu jinka, masallacinsa ma bai yi nisa da haka ba, kuma ciyawa ba ta jure wuta da shekaru. Falke kuma mutumin zango ne, hankalinsa na kan komawa gida. Ita kanta Salaga ta fara ja da baya bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Accra. Abin da Hausawa suka bari a wannan ƙasa takarda ce da tawada. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya zauna a Salaga, ya koyar, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya rubuta littafin koyon rubuta wasiƙa, kuma almajiransa sun bazu a zangunan Ghana. Tsohon garin Kete Krachi da ya yi limanci a cikinsa yana ƙarƙashin tafkin Volta tun shekarun 1960, amma rubuce-rubucensa suna nan cikin tarin littattafan Larabci da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka tattara wa Jami'ar Ghana a Legon.

Saboda haka wanda ke neman adon addini a Tamale da Yandi kada ya tsaya kallon bango. Ya duba allon sauka mai zayyana, da Alƙur'anin hannu mai baƙin rubutu da jan wasali, da alamun hizifi da sujada da aka zana a gefen shafi, da gafakar fata da dukawa suka ƙawata. Ya duba hatimi, murabba'in nan mai gidaje cike da haruffa da lambobi, da layun da ake ɗinkawa a fata a jera a jikin rigar yaƙi ta saƙi. Wannan sana'a ta kai har fadar Ashanti. Baturen Ingila Bowdich, wanda ya je Kumasi a 1817, ya ga manyan mayaƙa sanye da riguna cike da layu da suka saya da tsada daga hannun malaman arewa, kuma akwai tarin irin waɗannan takardu na Kumasi a ɗakin karatun sarauta na Kopenhagen. Malamai sun yi saɓani mai zafi a kan halaccin laya, kuma a Tamale ɗin nan Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya rasu a 2004, ya shafe shekaru yana yaƙar ta. Hukuncin na malamai ne. Ta fuskar tarihin zane kuwa, hatimi da zayyana jikokin shawarar da aka yanke ne tun zamanin Abdulmalik, cewa harafi da lissafi su tsaya a inda wasu al'ummu ke sa hoto.

Ƙarni na 20 bai yi wa masallatan ƙasa daɗi ba. Jama'a ta ƙaru, ɗakin da ke ɗaukar mutum talatin ya kasa, mahajjata suka dawo da hoton ƙubba da doguwar hasumiya a zuci, kuɗin taimako daga ƙasashen Larabawa ya zo da nasa tsarin. Garuruwa da dama suka rushe tsohon suka aza sabo a gurbinsa. Lokacin da Labelle Prussin ta zagaya arewacin Ghana a shekarun 1960 tana auna gine-gine, masallatan irin wannan sun fi na yau yawa. Yanzu ana ƙirga su da yatsun hannu. Ban ga laifin wanda ke son fili da iska a wurin sallarsa ba, kuma babban masallacin Ghana da aka buɗe a Kanda ta Accra a 2021, bisa salon Usmaniyya da taimakon Turkiyya, gini ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne zaton da ya zauna a zukata cewa laka alamar talauci ce, har ana jin kunyar ta a ɗakin Allah.

Larabanga ta ɗanɗani wannan zato. A shekarun 1970 aka shafe bangonta da siminti da niyyar kare shi daga ruwa. Laka tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa ya kulle danshin a ciki. Itatuwa suka ruɓe, gara ta shiga, bango ya fara lalacewa a ɓoye. A 2002 hukumar World Monuments Fund ta sa masallacin a jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, kuma a wannan shekarar hadari mai ƙarfi ya kayar da hasumiya da mihirabi. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana da cibiyar CRATerre ta Faransa, da kuɗin American Express, suka haɗa hannu da maginan garin. Aikin da suka yi shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya, sauya itatuwan da suka ruɓe, tayar da abin da ya faɗi, da komawa ga yaɓen ƙasa. A 2021 UNESCO ta sa masallatai takwas na arewacin Kodebuwa masu irin wannan gini, har da na Kong, a jerin kayan tarihin duniya. Na Ghana ba su samu shiga ba tukuna, kuma a watan Satumba na 2023 ruwan sama ya rushe wani babban sashe na tsohon masallacin Bole.

Ginin ƙasa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, mutane yake buƙata a kowace shekara: masu haƙo ƙasa, masu kawo ruwa, masu kwaɓi, magini da ya san laka mai kyau da hannu, da matan da a al'adar arewacin Ghana su ne gwanayen yaɓe da daɓe. Idan aikin gayya ya mutu, ginin na bin sa cikin 'yan damuna. Hannun da ke iya wannan bai ƙare ba, yana nan a Kukuo da ƙauyukan Gwanja, sai dai an daina kiran sa aikin masallaci.

Kuma ba sana'ar gyaran tsoho kaɗai ba ce. A Yaama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, jama'a suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962, suka ba wa maginin garinsu Falke Barmu aikin. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Da farko ɗaki ne mai sauƙi mai ginshiƙai. A 1975 ya sake rufin da baka da ƙubba a tsakiya, daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, kuma har yau a cikinsa mutanen Yaama ke sallar Juma'a.